Haron da Ke Sauka da Kansa

Shekaranjiya aka kawo wata tarakta mai bokiti a gaba, mai ita yana ƙorafin in ya ɗaga bokitin ya bar shi, kafin ya gama cin abinci ya sauko har ƙasa. Ɗayanku, ku yaran garejin nan, ko leƙa motar bai yi ba ya ce, "Ai cek-bawul za a sa mata." Wataƙila ma ya faɗi daidai. Amma da na tambaye shi ta yaya ya san ba sil ne ya mutu ba, sai ya hau sosa ƙeya. Wannan ɗan ƙarfen da kuke kiran sunansa kamar kuna sayen goro, ni sai da na yi kusan wata guda kaina a ɗaure kafin na san shi, kuma ba a jikina karatun ya fita ba. Ku ajiye sifanun nan ku saurara.

Na shiga sana'ar nan 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki. A lokacin taraktocin ƙasar Kontagora ba su da yawa, galibinsu na gwamnati ne da ake ba manoma haya. Ogana Malam Ndagi, Banufe ne mutumin Bida, ya koyi aiki wurin masu gina hanya. Garejinmu rumfar kwano ce a gefen gari, da bais ɗaya na matse ƙarfe a kan kututture, da jak biyu, da akwatin sifana wanda shi kaɗai ke riƙe makullinsa. Shekara biyu na yi ba abin da nake yi sai wankin ƙarafa da kananzir. In aka zo aikin hadirolik kuwa, sai ya sa na wanke hannu kamar zan ci tuwo, a shimfiɗa farin ƙyalle, a jera komai a kai. Yakan ce ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe famfo. Ba ya bayani. In ka tambaye shi abu, shi ma sai ya tambaye ka, ya bar ka tsaye da tambayoyi biyu.

Abin da na sani game da hadirolik a wancan zamani bai wuce abu uku ba. Famfo yana tura mai. Liba da ke gefen direba tana zaɓar masa hanya. Silinda kuma tana karɓar man, fistin da ke cikinta ya tura sanda, kaya su tashi. In kaya suka sauka da kansu, to sil ɗin fistin, wato robar da ke hana mai tsallakewa, ya mutu, a canja shi. Sau da dama na yi haka kuma ya yi, shi ya sa na ɗauka nan ilimin ya ƙare.

A shekarar fari aka kawo mana aikin da nake son ba ku labari. Na kai shekara goma a gareji, na yi aure, idon Oga ya fara rauni, don haka yawancin aiki a hannuna yake. Mai motar Hajiya Gambo ce, fatauciyar doya da dawa, mace ta farko da na sani ta mallaki tarakta a garin nan. Ta hannu ta saye ta, tare da wani babban haro na kaftun gona mai faifai jere biyu. Haron yana da tayoyinsa biyu da silinda ɗaya mai tiyo biyu. In za a hau hanya, silinda ta danna tayoyin ƙasa, faifan su tashi sama. In an shiga gona a janye tayoyin, faifan su nutse cikin ƙasa. Direbanta Bitrus ne, mutumin wajen Rijau, Kirista, ba shi da yawan magana. Shi ne direban da na sani yana goge mota kowace safiya, ko da cikin laka za ta shiga.

Ruwa ya makara ƙwarai a shekarar. Da ya sauka, kowa a rana ɗaya yake son a kaftar masa gona. Ana cikin wannan rububin sai ga Bitrus ya shigo gareji da faifai biyu a tsage, Hajiya tana biye da shi, mayafinta a kafaɗa. A kan hanyar Mashegu haron ya sauka a hankali yana cikin tafiya, faifan suka kama tsakuwa.

Ta ce, "Gwiwarka ce ta taɓa liba, ko kuwa gyangyaɗi kake?"

Ya ce, "Hajiya, ban taɓa ba. Da kansa ya sauka."

"Ƙarfe ne zai sauka da kansa? Ƙafa gare shi?"

Na shiga tsakani na ce ta kwantar da hankalinta, sil ne, aikin rabin yini. A makon Oga ya tafi Bida ta'aziyyar yayansa, ni ke da gareji. Na kwance silinda, na ga sil ɗin ya ɗan ci, ba sosai ba, amma na canja shi. Washegari da safe na ɗaga haron, na sha kokona ina kallonsa, bai motsa ba. Na ce su tafi.

Kwana biyu suka dawo. Yana sauka. Na sake kwancewa, na ce to cikin silindar ne ya yi kaushi. Na yini ina goge shi da lallausar sanfefa har yana ɗaukar ido, na kai tsohon sil wurin baduku ya yanko mini fata daidai da shi na ƙara a bayan sabon. Na gwada da safe, ya tsaya cak. Suka tafi, suka dawo. Karo na uku na sake kwancewa, na zubar da man gaba ɗaya na zuba sabo, na canja tiyo ɗaya da nake zargi, na ɗaure kowane noti. Na duba ƙarƙashin mota, ko ɗigon mai babu. Na ɗaga haron, na hau kansa na yi tsalle, bai ko girgiza ba. A nan ne na faɗi maganar da bai kamata makanike ya faɗa ba. Na dafa kafaɗar Bitrus na ce, "An gama. Ko kwana za ka yi a ƙarƙashinsa ba zai motsa ba."

Kwana uku bayan haka, a wata gona kusa da Mashegu, saiwoyi suka nannaɗe faifan. Bitrus ya ɗaga haron, ya kashe inji don kada gas ya ƙone a banza, ya zauna a ƙasa ya miƙa ƙafarsa ta hagu ƙarƙashin faifan yana sarar saiwoyin da adda. Abin ba faɗowa yake yi ba, saukowa yake kamar inuwa, ido ba ya ganinsa. Sai da ya ji nauyi a kan takalminsa sannan ya ja ƙafa, ta ƙi fita, ta maƙale tsakanin faifai da wata saiwa. Manoman da ke wurin babu wanda ya iya tada mota. Suna gudu neman itacen da za su ɗaga, haron yana ci gaba da sauka. Kafin su zaro shi ƙashin tafin ƙafar ya karye, yatsu uku kuma ba su gyaru ba, a asibiti aka cire su.

Daga nan kowa ya zama masani. Mutanen ƙauyen suka ce an sare wata tsohuwar tsamiya a gonar, masu wurin ne suka nuna fushinsu. Hajiya ta faɗa a tsakiyar kasuwa cewa Bitrus ya sha burkutu ne ya bar liba a buɗe, alhali mutumin ko taba ba ya sha. Ta ɗauki wani direba. Aka jawo haron gareji da laya ɗaure a jikin silinda, ban san wanda ya ɗaura ba. Ni kuwa na kwance silindar karo na huɗu, na jera komai a kan farin ƙyalle, na zauna ina kallo. Sil lafiya lau. Fistin lafiya. Sanda miƙe take. Mai ba ya zuba waje, amma kaya suna sauka. To ina man yake zuwa? Ban ɓoye muku ba, har layar nan sai da na kalla sau biyu.

A haka Oga ya dawo ya same ni. Ya ji labari tun daga tasha. Bai yi faɗa ba, ya zauna a kan benci, ya jingina sandarsa.

Ya ce, "Mamman, man nan da yake gudu, ta ina yake bi?"

Na ce, "Ta sil nake zato, Oga."

"Ka gani da idonka?"

"A'a."

"Wane lokaci kake gwadawa?"

"Da safe."

"Bitrus fa, wane lokaci yake aiki?"

Na ce, "Da rana tsaka." Ya ce in haɗa komai yadda yake, in ɗauki motar in yi ta zagaya fili ina ɗagawa ina saukewa har tiyo ya yi zafin da ba zan iya riƙe shi ba. Da na dawo ya sa na buɗe murfin mai na tsoma sanda. Man da na sani da safe mai kauri kamar zuma, ga shi yana zuba kamar ruwan shayi. Muka ɗaga haron, ya ba ni alli na ja layi a jikin sandar silinda. Kafin in je in wanke hannu in dawo, layin ya shige ciki. Abin da Bitrus yake faɗa ke nan tun ranar farko, a gabana, a cikin garejina.

Na ce, "To sil ɗin ne ba ya riƙe mai mai zafi."

Ya ce, "Har yanzu ba ka gani ba."

Ya buɗe akwatinsa ya ciro wani ƙaramin kan famfo na ƙarfe mai kauri, irin na buɗe ruwa da rufewa, wanda ban taɓa ganin ya yi aiki da shi ba. Muka sa shi a bakin silinda ta gindi, inda mai ke shiga in za a ɗaga. Muka ɗaga haro, muka rufe kan famfon. Sannan ya sa na cire ɗaya tiyon na can gaba, na ajiye gwangwanin madara a ƙarƙashin ramin. Ya ce in man yana tsallake sil, ba shi da wata hanya sai ta nan, za mu gan shi a gwangwani. Na sake jan layi. Muka yi azahar, muka ci abinci, muka yi la'asar. Layin yana inda yake. Gwangwanin, ban da ɗigo biyu na farko, a bushe.

Ashe silindar da na kwance sau huɗu ba ta da laifin komai. Ɓarnar tana can ƙarƙashin kujerar direba, a gidan liba. A cikinsa akwai wata sanda mai zamewa wadda ke toshe hanyar mai, kuma babu roba a wurin, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Shekaru sun cinye ta. In mai ya yi sanyi ya yi kauri sai ta riƙe, in ya yi zafi sai ya sulale ta gefenta ya koma tanki. Shi ya sa ba a ganin ɗigo a ƙasa. Sabon gidan liba kuwa sai an aika Ikko, a jira watanni, ga damina tana wucewa.

Na ce mu bar mata kan famfon kawai, tunda ya riƙe. Oga ya girgiza kai. Ya ce direba zai riƙa sauka a ƙarshen kowace kunya yana buɗewa yana rufewa, kuma ranar da ya gaji ya bar shi a buɗe, ranar ce wani zai sa ƙafa. Ya ce a injinan hanya ya san wani bawul da ke yin aikin da kansa: ƙwayar boris, wato ɗan ƙwallon ƙarfe, a kan mazauninta, da sifirin mai danna ta a bayanta. Mai ya ture ta ya shiga, in ya so komawa sai ya danna ta ta toshe ramin. Irin gurar masunta, kifi ya shiga ba ya fita. Ya ce sauran bayanin sai gobe, tafiya ta gajiyar da shi. Goben kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ban jira ba. Na ga abin ba wuya. Na samo mahaɗin tiyo mai kauri, na gyara masa mazauni a ciki, na fasa tsohon boris na ɗauki ƙwaya ɗaya, na yanko sifirin. Yini ɗaya na gama. Na ɗaura a gindin silinda, na zafafa mai, na ɗaga, na ja layi. Bai motsa ba. Don murna ban ko gwada saukewa ba, na aika a kira Hajiya.

Ta zo da sabon direban, maƙwabta masu faci da masu walda suka taru. Ta zauna a benci tana kallon allin kamar mai gadin tukunya. Da ta gamsu ta ce, "To madalla. Sauke shi mu tafi."

Direba ya tura liba. Inji ya yi gurnani, ɗaya tiyon ya sandare, haro yana sama. Ya sake turawa. Ko gezau. Na hau da kaina na tura, na ja, na tura. Wani mai faci ya ce, "Da ba a ce ya sauka ba yana sauka, yanzu an ce ya sauka ya ƙi." Aka kwashe da dariya. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mamman, haron noma na saya, ba rumfa ba."

Kunya ta sa na ɗauki sifana na nufi notin bawul ɗin, in sassauta man ya fita. Na ɗora sifana ke nan na ji sanda a wuyan hannuna, sifanar ta faɗi. Oga ne, lulluɓe da bargo, hayaniyar ta fito da shi.

Ya ce, "Duk nauyin haron nan yana bayan notin nan. Man zai fito kamar allura ya shige fatarka, ƙarfen kuma ya faɗo a kan wanda ke kusa. Ƙafa ɗaya ba ta ishe ka ba?"

Na ja da baya. Muka sa jak, muka jera kututture, sai da nauyin ya bar silinda sannan ya bar ni na kwance. Hajiya ta tafi ba sallama.

Da mutane suka watse ya ce, "Ka yi ƙofar shiga. Wa zai buɗe ta in mai gida yana son fita?" Ya zana mini a ƙasa da sandarsa. Wai na gaskiyar yana da ƙaramin fistin a ciki, in direba ya tura liba don saukewa, man da ke bin ɗaya tiyon shi ke tura fistin ɗin, ya ture ƙwayar daga mazauninta. Na riƙa gyaɗa kai. Wallahi ban gane ba. Ta yaya man da ke wancan tiyo zai buɗe ƙofar wannan? Ya ce irin wannan ba a ƙera shi a bais, in tafi wajen Kainji inda ake sayar da ragowar injinan da suka yi aikin madatsar ruwa.

Kwana biyu na yi a can ina tonon tarin ƙarafa, ina neman abin da ban taɓa gani ba, da zanen da ban gane ba a kaina. Mai kayan ya tambaye ni sunansa, na ce ban sani ba. Girmansa fa? Ban sani ba. Ya ce to Allah ya ba da sa'a. A ƙarshe a jikin hannun wata matacciyar mota mai ɗaga kaya na ga wani dunƙulen ƙarfe kamar sabulun wanki, manne da silinda, da ramuka huɗu. Tsatsa ta cinye rubutun jikinsa. Mai kayan ya ce yana da irinsa ɗaya, da shi yake danne takardu kada iska ta kwashe. Shi na saya.

A gareji muka buɗe shi a kan farin ƙyalle, ga ƙwaya, ga sifirin, ga ɗan fistin kamar yatsa. Sai a lokacin zanen Oga ya fara shiga kaina. Amma wane rami ne na wane tiyo? Haɗin farko da na yi, haro ya ƙi tashi sam. Oga ya ce in cire in wanke, in sa baki in hura. Haka na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ina hurawa yana tara tafin hannu, inda iska ta wuce mu sa alama. Kwana biyu ina jin ɗanɗanon tsohon mai a bakina. Muka haɗa. Ya tashi. Ya tsaya. Aka kira sabon direba ya zo ya sauke.

Ya tura liba, sai haron ya yi gaf, ya tsaya. Gaf, ya tsaya. Gaf, gaf, gaf, motar gaba ɗaya tana rawa, tiyo suna dukan juna, kwanon rumfa yana amsawa. Direban ya yi tsalle ya dira, ya ce shi yana da 'ya'ya, ba zai tuƙa motar da ba a san masu ita ba. Bai sake dawowa ba.

Na juya wurin Oga, ina jiran tambayar da zai yi mini. Ya daɗe yana kallon haron, sannan ya ce, "Wannan ni ma ban sani ba." Shekara goma ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba.

Kwana biyu muna abu ɗaya. Muka ce iska ce ta shiga mai, muka fitar, bai daina ba. Muka ce sifirin ya yi ƙarfi, na sa mai laushi, ya ƙara muni. Na mayar da na da. Na fara tunanin ko mai kayan ne ya ba ni mataccen abu, ko kuwa wannan ma ba shi ne bawul ɗin da Oga yake nufi ba. Shi ma Oga ya fara shakka.

Yadda muka gano shi ba wayonmu ba ne. Don tsoron kada tiyo ya fashe muna ƙarƙashi, mun mayar da kan famfon nan tsakanin silinda da bawul, muna rufewa in za mu taɓa wani abu. Rana ta uku na zo gwaji, na buɗe shi rabi, hannuna da mai ya zame, na ɗauka ya buɗu duka. Na hau na tura liba. Haron ya sauko sumul kamar ana ajiye jariri. Na sauka ina dubawa, ban san abin da na yi ba. Oga ya lalubi kan famfon ya ce, "Buɗe duka." Na buɗe, gaf, gaf. "Mayar rabi." Sumul. Muka kalli juna.

Sai daga baya na warware shi a kaina. Haron ya yi nauyi, da an buɗe masa ƙofa sai ya riga famfo gudu. In ya riga shi, ƙarfin man da ke riƙe da ƙofar a buɗe sai ya faɗi, ƙwaya ta rufe, haro ya tsaya. Famfo ya cim masa, ƙofa ta buɗe, ya sake gudu. Maganinsa a rage masa hanya. Na samo wosha, ɗan faifan ƙarfe marar rami, na huda da kaina. Ramin farko ya yi ƙanƙanta, sai ka yi alwala kafin haro ya tashi. Na biyu ya yi faɗi, rawar ta dawo. Na uku ya yi. Na cusa ta a bakin silinda, muka cire kan famfo, Oga ya mayar da shi akwati. Kwana uku ina gwadawa da mai mai zafi, da tsakar rana, kafin na yarda a kira Hajiya.

Amma lokacin damina ta riga ta juya baya. Gonakin da suka jira haron ba su samu ba, waɗanda suka samu ma dawarsu ta bushe kafin ta fid da kai. A ranin da ya biyo baya babu mai kawo tarakta. Injin niƙa da kekuna muka riƙa gyarawa, wasu ranakun mu buɗe gareji mu rufe ba wanda ya leƙo.

Ranar da aka kira Hajiya ta zo ganin haron, ni na ɗaga mata na sauke sau biyar. Ta ce in gaya mata abin da ya lalace. Na fara daga famfo, na bi ta gidan liba, na zo kan mai mai zafi da ƙwaya da ɗan fistin da wosha, har da zane a ƙasa. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Ban gane ko ɗaya ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Bitrus ya taɓa liba ko bai taɓa ba?"

Na ce, "Bai taɓa ba, Hajiya."

"Ranar da abin ya same shi ma?"

"Ranar ma."

"To me ya kai shi sa ƙafa a ƙarƙashi, mutum mai hankali kamarsa?"

Oga yana zaune, bai ɗago kai ba. Na ce, "Ni na ce masa an gama. Na ce ko kwana zai yi a ƙarƙashi ba zai motsa ba."

Ta dube ni, ta dubi haron. Ta gyara mayafinta ta ce, "Wanke hannunka ka raka ni."

Tun da abin ya faru ban taka gidansa ba. Mun same shi a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ƙafar a naɗe, sanda a gefe. Matarsa Rifkatu ta kawo ruwa ta ajiye, ta koma bakin ƙofa ta tsaya, ba ta gaishe mu da sakin fuska ba, kuma ban ga laifinta ba. Hajiya ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Bitrus, na ɓata maka suna a kan abin da ba ka yi ba. A kasuwa na faɗa, a kasuwa zan warware. Ka yafe mini." Ya ce ya yafe. Ni ma na faɗi tawa, ba ta fito da kyau kamar tata ba. Ya saurara, ya ce, "Na ji, Mamman." Hajiya ta ce motar tana nan, ba ta da direba sai shi, in ya warke.

Ya warke, amma ƙafar ba ta iya danna kuloci har ƙasa, gaban tafin babu ƙarfi. Gab da damina ta gaba ya zo gareji yana ɗingishi, ya hau, ya gwada, ya sauko. Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Na samo guntun maɗaci, na sassaƙa shi ya yi tudu ta baya yadda zai danna da diddige, na huda, na ɗaure a kan kulocin da noti biyu. Da ya dawo na buɗe baki zan yi masa bayani, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Wannan karon kada ka ce mini komai. Bari in taka in ji."

Ya taka. Ya ce in rage ta hagu. Na kwance na rage. Ya taka, ya ce kaɗan kuma. Sau huɗu ina kwancewa ina ɗaurewa, bakina a rufe. A na biyar ya danna, ya saki, ya sake dannawa, ya sa giya. Ya ja motar ya fita daga rumfa, haron yana biye da shi a ɗage, ya hau hanyar Mashegu. Da katakon nan ya yi ta tuƙi har aka ba mu jiha, har bayan nan da shekaru.